Dandalin Rumawa na karɓar taro bayan shekara 1,900, ina dalilin gajiyar filayenmu?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon fili mu sa baki a muhawarar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a nan Kumasi tun watan Satumban 2024, lokacin da hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta janye amincewarta da filin Baba Yara bayan wasan Ghana da Angola, saboda halin da ciyawar filin da magudanan ruwansa suke ciki. Mu masu wannan wasiƙa gini ne sana'armu: cikinmu akwai injiniyoyi, akwai birkiloli, akwai masu gyaran tsofaffin gine-gine. A majalisun Aboabo da Asawase an kasu gida biyu. Wasu na cewa a haramta duk wani taron da ba na ƙwallo ba, wa'azi ne, taron coci ne ko na kiɗa. Wasu kuma na cewa filin gwamnati na kowa ne, wanda ya biya ya shiga. A ganinmu duka ɓangarorin sun bar jaki suna dukan taiki. Taro ba ya kashe gini idan an san yadda ake karɓarsa, kuma shaidarmu ita ce dandalan da Rumawa suka gina ƙarnuka kafin Hijira, waɗanda har gobe ake sayar da tikiti a ƙofarsu.

Irin ginin da muke nufi shi ne wanda Turawa ke kira amfitiyata. Wanda ya taɓa tsayawa kallon dambe ko kokawa ya san tsarinsa: fili a tsakiya, jama'a sun kewaye shi ta kowane gefe. Rumawa sun ba shi siffar ƙwai, suka ɗora wuraren zama hawa-hawa bisa ɗaurin bakan gizo na dutse, irin wanda maginanmu na gargajiya ke yi da azara da ƙasa a zaurukan sarakuna. Mafi girmansu shi ne Kolosiyam na birnin Rum, wanda sarki Vespasian ya fara, ɗansa Titus ya buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Tsawonsa mita 189, faɗinsa 156, tashinsa sama kimanin 48, yana ɗaukar wajen mutum 50,000. Abin da ake yi a ciki ba abin yabo ba ne. Bayi da fursunoni ake haɗawa su kashe juna, ana sakar wa mutane zakuna da damisoshi da aka kamo daga arewacin Afirka, jama'a na shewa. Allah ya raba mu da irin wannan kallo. Hannun maginan muke dubawa, da kuma dabarar waɗanda suka gaji ginin suka juya shi zuwa wani amfani.

Kolosiyam kansa yanzu wurin masu yawon buɗe ido ne, ba a cika shi da taro. Waɗanda suke aiki sosai su ne 'yan'uwansa da ba su kai shi girma ba. Na Verona a arewacin Italiya an gina shi a ƙarni na 1, girgizar ƙasa ta 1117 ta zubar da kusan dukkan bangonsa na waje, sai wani ɗan yanki mai baka huɗu ya rage, amma cikinsa na nan. Tun 1913 ake shirya wasannin waƙa irin na opera a cikinsa kusan duk bazararsu, daga Yuni zuwa farkon Satumba. A zamanin Rumawa yana ɗaukar wajen mutum 30,000; yau ba a barin ya wuce kimanin rabin haka, domin dakalin mawaƙa ya cinye gefe guda, dokar kare lafiyar jama'a kuma ta rage saura. A riƙe wannan, za mu dawo kansa. A kudancin Faransa akwai na Nimes da na Arles, inda ake wasan bijimai da kiɗe-kiɗe. Na Arles ya taɓa zama unguwa guda, da gidaje fiye da 200 a cikinsa, sai daga 1826 aka fara kwashe su. Na Pula a Kuroshiya yana karɓar bikin fina-finai tun shekarun 1950, har ƙanƙara aka taɓa shimfiɗawa a cikinsa a 2012 aka buga wasan hoki.

Wanda ya fi kusa da zuciyarmu shi ne na Al-Jam a Tunisiya, a nan nahiyarmu. An gina shi wajen shekara ta 238, kusan shekara 400 kafin Hijira, tsawon mita 148, faɗin 122, mazaunin mutum kimanin 35,000, a tsaye kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba tare da wani tudu ya tallafe shi ba. A 1695 wani mai mulkin Tunis ya sa aka buɗe masa wuta da igwa don fitar da 'yan tawayen da suka fake a ciki, mutanen gari kuma suka yi ta ɗiban duwatsunsa suna gina gidaje. Duk da haka tun tsakiyar shekarun 1980 ake taron kiɗa na ƙasa da ƙasa a cikinsa cikin daren bazara. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979, shekarar da ta sa ganuwoyin Turawa na bakin tekun Ghana, su Elmina da Cape Coast da Osu. Filin Baba Yara kuwa a 1959 aka buɗe shi, aka sake masa babban gyara saboda gasar Afirka ta 2008. A shekarun gini jariri ne.

Mu fara da ruwa, domin shi ne babban maƙiyi. Dandali irin wannan ƙatuwar ƙwarya ce da aka bari a buɗe a tsakar gida. Ga lissafin da kowa zai iya yi: na Nimes tsawonsa mita 133, faɗinsa 101. A ninka su, a sake ninkawa da 0.785 saboda siffar ƙwai, za a sami murabba'in mita kimanin 10,500. Ruwan sama na milimita 50, wanda a Kumasi ba abin mamaki ba ne a yammaci guda cikin watan Yuni, zai zuba lita fiye da 520,000 a cikin wannan ƙwarya, wato tankar ruwa mai lita 10,000 sama da hamsin. Da a Kumasi ginin yake, inda ruwan shekara ke kaiwa wajen milimita 1,400, da lita kusan miliyan 15 zai sha duk shekara. Maginan Rum sun san haka. Duwatsun zama suna haɗe da juna tamkar rufi, an ɗan karkata su don ruwa ya gangara, ya faɗa ƙananan hanyoyi da aka sassaƙa cikin ginin, su kai shi babbar magudanar da ta kewaye filin ta ƙarƙashin ƙasa, ita kuma ta fitar da shi waje. A Al-Jam, ƙasar da ruwa ke da tsada, har tara shi ake yi a rijiyoyin ajiya.

Abin da ya sami Nimes ya isa darasi. Cikin ƙarnukan da mutane suka zauna a cikinsa an ciccire da yawa daga duwatsun zama, hanyoyin ruwa suka toshe ko suka karye. Daga nan ruwa ya daina bin hanyarsa ya koma bin jikin gini. Yana shiga ta sama, ya wanke haɗin da ke tsakanin duwatsu, ya narkar da gishirin da ke cikinsu, ya fito da shi fuskar bango. Idan ruwan ya bushe gishirin ya daskare ya kumbura, fuskar dutse ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Shi ya sa tun 2009 birnin ya shiga aikin gyara na shekara 25, wanda aka ƙiyasta zai ci fiye da Yuro miliyan 50, ana bin ɗakunan baka 60 na ginin kashi-kashi, ana wasanni a sauran. Babbar manufar aikin ita ce hana ruwa shiga inda bai kamata ba.

A filayenmu ciwon ɗaya ne. Ledar ruwan sha da kwalaben roba suna toshe bakin magudana bayan kowane wasa, ruwa ya kwanta a matakala, ya sami tsaga ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma kafin ƙadangare ruwa ne ke riga kowa. Maganin ba ya buƙatar kwangilar miliyoyi. A buɗe kowane murfin magudana sau biyu a shekara, cikin Maris kafin babbar damina da cikin Agusta kafin ƙaramar, a kwashe yashi da leda. A zuba ruwa da tiyo daga can sama a tsaya a ƙasa a ga ko ya fito, da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka. Inda bai fito ba, yana fita a wani wuri cikin kankare. A duba layukan da aka bari tsakanin sassan kankare don ya sami wurin miƙewa da zafin rana. Roban da ke cike su yana bushewa ya tsage cikin 'yan shekaru, kuma ta nan ruwa ya fi shiga. Kowace tsirar cediya ko durumi da tsuntsu ya shuka a tsagar bango a cire ta tun tana ganye biyu, a toshe ramin. Idan saiwa ta kai kaurin yatsa, fizge ta da ƙarfi yana tahowa da gini. A yanke, a kashe kututturen, a jira ya bushe. A Kolosiyam wani masanin tsirrai ya ƙirga iri 420 a 1855, kafin a share su.

Sai maganar ƙarfe. Manyan duwatsun Kolosiyam ba a haɗa su da kwaɓi ba, an ɗaure su ne da maƙalan ƙarfe, kimanin tan 300, aka narka darma aka zuba a kansu don kada danshi ya taɓa su. Ramukan da ake gani a jikin bangon yau, wurin da mutanen baya suka haƙa ne suka sace ƙarfen da darmar. Dalilin wannan darma shi ne ƙarfe idan ya yi tsatsa yana kumbura ninki da yawa, ya fasa abin da ya rungume shi. Rodin da ke cikin kankarenmu haka yake. Abin da ke kare shi kaurin kankaren da ya lulluɓe shi ne, kuma a wuri kamar filin wasa na Accra, wanda iskar teku mai gishiri ke bugawa dare da rana a Osu, bai kamata kaurin ya gaza milimita 50 ba. Alamar farko jan zane ne na tsatsa a jikin ginshiƙi. A bi wurin da ƙaramar guduma. Inda ya yi amon ganga, kankare ya rabu da rodi. Gyaran ƙwarai shi ne a sare har bayan rodin da kamar santimita 2, a goge shi sai ya yi haske, a ƙara wani idan tsatsa ta ci jikinsa sosai, a shafa masa maganin tsatsa, a cike da kwaɓin gyara, a riƙa jiƙa shi kwana 7. Abin da aka fi yi kuwa shi ne a yaɓa siminti a kai a shafa fenti kafin baƙi su iso. Tsatsar na ci gaba a ciki, damina biyu yaɓen ya faɗo, wani lokaci bisa kan ɗan kallo.

Game da tsofaffin gine-ginenmu na dutse da na ƙasa muna da roƙo na musamman: a nisanta su da siminti. Rumawa da ƙonanniyar farar ƙasa suke kwaɓi. Magininsu Vitruvius ya rubuta ma'auni: farar ƙasa 1, yashin rami 3, ko yashin kogi 2, a wasu wurare kuma su haɗa da tokar dutse mai aman wuta ta yankin Pozzuoli, wadda ke sa kwaɓin ya kama ko a cikin ruwa. Amfanin farar ƙasa shi ne ta fi dutse laushi kuma tana barin danshi ya fita. Idan gini ya motsa, haɗin ne ke tsagewa, a kankare shi a sake wani da kuɗi kaɗan. Siminti ya fi tsohon dutse tauri, yana riƙe danshi, ga gishirinsa na kansa, don haka dutsen ne ke ruɓewa a bayansa. Ba sai mun je Turai neman misali ba. Masallacin Larabanga an yaɓe shi da siminti a shekarun 1970 da kyakkyawar niyya. Danshi ya maƙale a cikin bangon ƙasa, gara ta cinye itatuwan, hadari ya zubar da wani sashe a shekara ta 2000. Da aka zo gyara na gaskiya, aikin farko shi ne ɓamɓare simintin a koma yaɓen ƙasa irin na kakanni. Duk mai taɓa ganuwar James Fort ko Ussher Fort a Accra, ko gidajen gargajiya na Asante da ke kewayen Kumasi, ya fara da wannan labari. Kwaɓin farar ƙasa yana son haƙuri: a jiƙa bango kafin a sa, a cusa shi kaɗan-kaɗan, a rufe da jiƙaƙƙen buhu kwanaki don kada rana ko iskar hunturu ta busar da shi kafin ya kama.

Yanzu ga abin da ya fi komai nauyi a wannan wasiƙa, wato ƙofa. A shekara ta 27 miladiyya wani ɗan kasuwa mai suna Atilius ya kafa dandalin katako a Fidenae, kusa da Rum, don neman riba. Bai kafa shi kan ƙasa mai ƙarfi ba, bai ɗaure katakon da kyau ba. Ya cika da mutane ya rufta. Wani marubucin tarihinsu ya ce mutum 20,000 suka mutu, wani ya ce 50,000 tsakanin matattu da masu rauni. Majalisar Rum ta kafa doka nan take: ba mai shirya irin wannan wasa sai dukiyarsa ta kai wani adadi, ba a kuma kafa dandali sai an gwada ƙarfin ƙasar. Da suka zo gina Kolosiyam suka yi masa ƙofa 80 a ƙasa, kowace faɗinta ya kai wajen mita 4. Guda 76 na talakawa ne, an sassaƙa lamba a saman kowace, ana iya karanta wasu har yau. Shaidar shigar da ke hannun ɗan kallo tana nuna masa ƙofarsa da sashensa. A raba 50,000 gida 76, kowace ƙofa mutum 660 kawai take ɗauka, kuma kowane rukuni da matakalarsa, ba sa cin karo da na wani sashe.

Mu a Ghana ba ma buƙatar wanda zai gaya mana abin da ƙofa ke nufi. Ranar Laraba 9 ga Mayu 2001, a filin wasa na Accra, bayan Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko 2 da 1, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga matakala suka tarar da hanya a ƙuntace, ƙofofi a rufe. Mutum 126 suka rasu, da yawansu 'ya'yan zango ne. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. A turmutsitsi ba tattakewa ce ta fi kisa ba, matsi ne: ƙirji ya kasa buɗewa, numfashi ya yanke, mutum na tsaye.

Akwai lissafin da masu kula da filaye a Ingila ke aiki da shi, ƙasashe da yawa sun ara. Mita 1 na faɗin matakala yana wuce da mutum 66 a minti guda. A shimfiɗaɗɗiyar hanya 82. Ana so kowa ya bar wurin zamansa ya shiga hanyar fita cikin minti 8. Ke nan mita 1 na matakala na mutum 528 ne. Fili mai ɗaukar 40,000, kamar Baba Yara ko na Accra, yana buƙatar faɗin matakalai da idan an tara su za su kai mita 76, dukkansu a buɗe. Ana aunawa ne a wuri mafi ƙunci, domin matakala mai mita 3 da ta ƙare a ƙofa mai mita 1 da rabi, mita 1 da rabi ce. Idan a ranar taro mita 40 kawai ke buɗe, saboda an kulle wasu don hana masu shiga ba tikiti, ko dakalin mawaƙa ya tare wasu, ko masu sayar da abinci sun kafa tebur a bakin wasu, to tikitin da ya halatta a sayar 21,000 ne da ɗoriya kaɗan, komai yawan kujerun. Wannan ne abin da Verona ta yi da ta rage yawan mutanenta zuwa rabi. Yawan kujera ba shi ke yanke hukunci ba, faɗin mafita ne.

Taron da ba na ƙwallo ba ya fi wasa haɗari ta wannan fuska, domin ana zuba dubban mutane a tsakiyar fili, wurin da aka tsara wa mutum 22 da alƙalin wasa. Waɗannan suna buƙatar mafitarsu dabam, ba ta cikin matakalan na sama ba. A tsaye kada a wuce mutum 47 a murabba'in mita 10, kuma idan akwai mata masu goyo da tsofaffi, kamar a Mauludi ko wa'azi, a rage sosai. Kowace ƙofar fita ta buɗe zuwa waje, ba kwaɗo a jikinta muddin akwai mutum a ciki, da ma'aikaci tsaye a wurin daga farko har ƙarshe. Fitilun hanya su kasance da batirinsu, domin ɗaukewar wuta cikin dare a cikin cunkoso masifa ce. Lasifikar sanarwa kuma ta kasance a hannun mai kula da filin, ya iya katse kiɗa ko wa'azi ya yi magana da jama'a da Hausa da Twi da Turanci.

Sauran ɓarna ba 'yan kallo ke yin ta ba, masu kafa kaya da masu kwashewa ne. A Verona, cikin Janairun 2023, ana sauke wani ƙaton tauraron ƙarfe da ake kafawa don bikin Kirsimeti, sai gindinsa ya suɓuce ya faɗa kan matakalan dutse ya farfasa su. Abin da ya tsira daga girgizar ƙasa, ƙugiyar ɗaga kaya ta ɓata shi cikin daƙiƙa. Don haka ƙa'idar aiki a irin waɗannan wurare ita ce duk abin da aka kawo ya zama wanda za a ɗauke ba tare da ya bar tabo ba. Ba a huda dutse a kafa ƙusa. Ƙafar kowane ƙarfe tana zama bisa katako da roba don nauyi ya bazu. Hasumiyar fitila da lasifika ana danne ta da tubalan kankare ko tankunan ruwa maimakon a ɗaure ta a jikin gini. Wurin zama ana lissafa masa nauyin kilo 400 zuwa 500 a kowane murabba'in mita, kuma jama'ar da ke tsalle tare bisa kiɗa ɗaya suna dukan gini fiye da nauyinsu na tsaye nesa ba kusa ba, don haka injiniya ya duba kafin a ba da izini.

Bambancinmu da Rumawa a tsakiyar fili yake. Su yashi suke zubawa, a Kolosiyam ma bisa daɓen katako, kalmar arena kanta, wadda ake kiran tsakiyar filin da ita, daga sunan yashi ta fito a harshensu. Ya ɓaci, a kwashe a zuba sabo kafin gari ya waye. Mu kuwa ciyawa ce mai rai a murabba'in mita 7,140, wato mita 105 sau 68, kuma ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa da bututu masu huji da ke janye ruwa. Ruwan milimita 50 a kanta lita 357,000 ne. Abu uku ke kashe ta. Tamfol ko katako da aka shimfiɗa kai tsaye yana hana ta haske da iska, a zafin Kumasi kwana biyu zuwa uku sun isa ta yi rawaya, ta dahu a ƙarƙashi. Dubban ƙafafu suna danne ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, saiwa ta kasa numfashi, ruwa ya kasa nutsewa. Mafi muni ita ce babbar mota ko mai ɗaga kaya da aka shigo da ita, musamman bayan ruwa: tana murƙushe bututun da ke ƙasa, ba mai gani sai damina ta zo wurin ya zama fadama. Akwai fale-falen roba masu huji da aka ƙera don wannan aiki, masu barin haske da iska su ratsa. A shimfiɗa su a daren ƙarshe, a ɗauke su da an tashi. Dakali ya zauna bisa hanyar tsere ko bayan raga. Mota kada ta taka ciyawa ko da taya ɗaya. Bayan taro a huhhuda ƙasa da injin huda, a barbaɗa yashin kogi wankakke, a sake shuka inda ya mutu, a ba ta makonni kafin wasa. Taron kwanaki a jere ana saura makonni kaɗan a buga wasan ƙasa da ƙasa bai kamata a ma kawo shi teburin shawara ba.

To me muke nema? Hukumar wasanni ta ƙasa, wadda filayen ke hannunta, ta ci gaba da ba da haya, domin filin da ke zaman jiran wasanni kaɗan a wata ba zai iya ciyar da kansa ba, ginin da aka kulle kuma ya fi saurin mutuwa: ba mai ganin yoyo, ɓarayi su kwashe wayoyi da famfuna, kamar yadda aka kwashe duwatsun Al-Jam lokacin da ba mai shi. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A rubuta takardar haya guda ɗaya wadda ta hau kan kowa, malami da fasto da mawaƙi da ɗan siyasa, ba sani ba sabo. Ta ƙunshi adadin mutane bisa lissafin mafita na wannan ranar, da zanen inda kowane kaya zai zauna, da ranar shiga da ranar fita. Mai haya ya ajiye kuɗin jingina da zai isa gyaran ciyawa. A zagaya filin tare da shi kafin taro da bayansa, a ɗauki hotuna, kowa ya sa hannu. Wani kaso sananne na kuɗin hayar ya shiga asusun gyaran wannan filin kansa, a riƙa buga abin da ya shiga da abin da ya fita duk shekara a jaridu irin wannan. A kuma tsayar da kalanda tun farkon shekara, manyan taruka su faɗo lokacin hutun gasar lig.

Muna roƙon Sarkin Zango da limamanmu da shugabannin matasa, waɗanda su ne ke neman filin idan taronmu ya zo, su zama na farko da za su nemi a auna musu ƙofofi kafin a raba katin gayyata. Filin nan sunan ɗan zango yake ɗauke da shi, Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara. Daga cikinmu akwai waɗanda suke shirye su zo da tef ɗin awo da guduma su yi wannan zagaye kyauta kafin damina mai zuwa, idan masu filin sun buɗe mana.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi da magina,
Kumasi.